Mutumin da Ya Haɗiye Tarinsa

Duk sanda aka turo mana ku, 'yan makarantar koyon aikin lafiya, ku zo ku yi 'yan makonni a ɗakin hoto na asibiti, sai na ji wani a cikinku ya raɗa wa ɗan'uwansa cewa wannan ai ba aiki ba ne, danna maɓalli ne kawai. Kuna tsammanin ba na ji. To ina ji. Ni da nake jin tafiyar tururuwa a kan dutsen Kazaure ina zaune a kujerata, raɗarku ce za ta wuce ni? Wani cikin na bara har cewa ya yi ko akuya aka koya wa za ta iya. Na ce a kawo akuyar. Amma ta zo da shirin yi wa tsoho mai furfura bayanin dalilin da zai sa ya tuɓe riga a gaban wanda bai kai ɗan cikinsa ba.

Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, don bakina ya gaji da maimaici. Kuma tunda kullum sai wani ya tambaye ni labarin moɗar nan mai ɗigon jan fenti da ke kan taga, wadda marasa lafiya ke zuba layu da makullai da carbi kafin su tsaya gaban inji, zan haɗa muku da ita. Amma sai kun bi ni a hankali.

Ran da na fara aiki, takardar makaranta tana hannuna har yanzu da ɗuminta, aka damƙa ni ga Malam Haladu, Allah ya ji ƙansa. Bai ko kalli takardar ba. Rigar dalma ya ɗauko ya rataya mini, wadda muke sawa don ta tare mana hasken injin. Ku ta yanzu kuka sani, mai kama da rigar sanyi. Ta wancan lokaci nauyinta ya kai buhun gero biyu da ɗan maraƙi a kai. Dogo ne ni lokacin da na shigo aikin nan, ku tambayi kowa a garin nan, rigar ce ta mayar da ni yadda kuke ganina.

Na daɗe ban taɓa maɓallin da kuke rainawa ba. Ɗakin duhu ya tura ni. Babu taga, babu iska, sai jan ƙwan lantarki guda ɗaya da bai fi idon zakara ba. A nan ake zare fim daga kaset da lalube, a tsoma a ruwan farko hoto ya fito, a ɗauraye, a tsoma a na biyu ya kama, a sake wankewa, a shanya a waya kamar kilishi. Ka bar shi ya daɗe a ruwa, ƙirjin mutum ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ka yi gaggawar cirewa, ya fito fari fat, mai lafiya ya zama kamar wanda ake jiran a kira masa liman. Warin ruwan nan kuwa, in na koma gida kaji ma kaucewa suke yi. Yanzu kwamfuta ta ɗauke mana wannan wahala, hoto na fitowa a allo kafin mutum ya gama ɗaura maɓallin rigarsa. Amma abin da Malam Haladu ya fi dagewa a kai kwamfuta ba ta ɗauke shi ba, kuma ba za ta ɗauke ba.

Wannan abu shi ne tsayar da mutum. Ƙirji ya manne da allo. Haɓa a sama. Hannuwa a ƙugu, kafaɗu a turo su gaba, don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Alamar dama ko hagu a wurinta. Babu laya, babu sarƙa, babu tsabar kuɗi ko goro a aljihun gaba. In mace ce, ma'aikaciya ta shiga da ita ta ba ta rigar asibiti, a ɗage kitso sama. Sannan a zo ga babbar magana: ja numfashi, ja, ƙara ja, riƙe.

Malam Haladu yakan ce, "Sabi'u, hoton da aka ɗauka ba numfashi maƙaryaci ne, kuma kai ka koya masa ƙaryar." In mutum bai cika ƙirjinsa da iska ba, ƙasan huhu sai ya cunkushe ya yi fari, zuciya ta baje ta yi kamar ta kumbura, likita ya ga cutar da babu ita. Shi ya sa in hoto ya fito muke ƙirga haƙarƙarin da suka bayyana, mu gane ko mutum ya ja iskar kirki ko yaudararmu ya yi. Kuma jan numfashin nan ba kowa ke gane shi ba. Wani ka ce ya ja, sai ya kumbura kumatu. Wani ya ɗaga kafaɗu har kunne, ƙirji na nan yadda yake. Mutanen hayin iyaka da ke biyowa ta Babura, waɗanda ke kiran hoton da suna radiyo, wani sa'in sai na tsaya a gabansu na ja nawa numfashin har idona ya yi ja kafin mu fahimci juna.

Doka ta biyu da ya kafa mini: mu ɗauka muke yi, likita ke karantawa. Ko mara lafiya ya riƙe maka riga yana cewa don Allah me ka gani, amsarka ita ce likita zai faɗa maka. Amma wannan ba ya nufin ka zama makaho. Dole ka san hoton da ya yi kyau da wanda za a sake, ka kuma san wanda za ka ɗauka da gudu ka kai wa likita ba tare da mai shi ya bi layi ba.

To ga ɗan abin da ya kamata idonku ya sani. A hoton nan iska baƙa ce, ƙashi fari ne, zuciya fara ce, ruwa da mugunya da kaki su ma farare ne. Huhu mai lafiya kenan baƙi yake fitowa, da 'yan siraran jijiyoyi a ciki. Ku ɗauke shi kamar bishiyar da aka kifa: kututture a maƙogwaro, rassa sun bazu ƙasa, kowane reshe da ganyensa da ke shan iska. In nimoniya ta kama mutum, wadda mutanenmu ke kira sanyin haƙarƙari, wani ɓangare yakan cika ya yi fari kamar gajimare, amma girmansa na nan. In kuwa kaki ya toshe reshe, iskar da ke bayansa sai jiki ya shanye ta, wurin ya sace kamar tayar keke. Shi ma fari yake fitowa, sai dai ya tsuke, kuma yana janyo maƙwabtansa. Kun taɓa ganin ɗakin ƙasa ya rufta da damina, katangar maƙwabci ta karkato wajensa? Haka nan. Shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki ya ɗago sama, haƙarƙari su matsu, wani lokaci har zuciya da bututun iska su gusa wajen. Ruwa in ya taru a ƙirji da yawa turawa yake yi; sacewa ja take yi. Sai na ƙarshe, tabo. Shi siriri ne kamar zare, ba ya girma, ba ya gusawa. Ka ɗauke shi bana, ka ɗauke shi baɗi, yana nan inda ka bar shi.

Kuma ku riƙe wannan: hoto ba ya saurin warkewa kamar mai shi. Mutum yakan miƙe ya koma gona, hotonsa na nan kwance yana jinya. Ciwo kan tafi ya bar sawu, sawun kuma sai a hankali yake gogewa.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda ruwa ya yi mana yawa. Sama ta buɗe kamar an manta inda aka ajiye murfinta. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Yankwashi, mutane na kwana kan tabarma mai laima, yara da tsofaffi suka fara tari da zazzaɓi. Kuma a daidai wannan lokaci injinmu ya mutu. Wata safiya na danna, ya yi ƙara kamar tsohon rago, ya yi shiru. Kayan gyaransa ba a nan kusa suke ba. Na zama mai hoto ba hoto. Likitoci suka koma ga kunnensu da abin sauraren ƙirji, kuma sun yi ƙoƙarin da Allah kaɗai zai biya su. Wanda ya tsananta a ce ya tafi Kano. Wasu sun tafi. Wasu suka ce bari su je gida su yi shawara, ba mu sake ganinsu ba, sai dai ka ji a kasuwa an ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Ni aikina a watannin nan tura keken marasa lafiya ne da riƙe wa ma'aikatan jinya fitila. Ɗakin hoto kuwa na share shi har siminti ya fara ƙorafi.

A cikin waɗanda aka kwantar a lokacin akwai wani manomi daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, Malam Isiyaku. Na san shi ne saboda ni na tura shi zuwa gado, kuma da na ga tsagar Barebari a fuskarsa, ni kuma Bafulatani, sai na ce masa, "Af, ashe bawana ne aka kawo." Yana numfashi da ƙyar, amma sai da ya buɗe ido ya ce, "Ji ɗan Fulani, an raba shi da saniya an ba shi keke." Na ce wannan ba yanzu zai mutu ba. Aka yi masa allurai, zazzaɓi ya sauka, aka sallame shi ba tare da hoto ba, aka ce ya dawo in an gyara inji.

Ba a gyara ba sai bayan an yanke gero. A cikin makon farko sai ga shi, tare da wansa, Alhaji Mamman, wanda shi ne babba a gidansu. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da ya mayar mini da magana yana bakin mutuwa, yau ya warke amma ya kasa haɗa ido da ni. Na tsokane shi, ya ce, "Uhm." Ya rame, yana tafiya a sanɗare kamar wanda ya haɗiye taɓarya. Na lura kuma a kan benci Alhaji ya bar tazarar mutum biyu tsakaninsu. Da ƙishirwa ta kama Malam Isiyaku, sai ya zaro wata moɗa daga aljihu, an ɗiga mata jan fenti a gindi, ya je randa ya tara ta aka zuba masa, bai tsoma ba.

Na shigar da shi, na rufe ƙofa. Na ce ya cire babbar riga, ya cire, ya bar 'yar shara. Ya ce ita ba za ta fita ba, sanyi yake ji. Ba ƙarfe a jikinta, don haka na ƙyale shi. Na tsayar da shi, na koma bayan shamakin dalma, na ce, "Baba, ja numfashi. Ja. Ƙara ja."

Yatsana na kan maɓalli, amma idona na kan bayansa. Malam Haladu ya koya mini kada na danna sai na ga haƙarƙari sun buɗe da idona. Kafaɗu suka ɗaga, ƙirji bai motsa ba. Na sake cewa ya ja. Haka dai. Na sauke hannu na zagayo.

"Baba, me ke ƙarƙashin rigar nan?"

"Jikina ne."

"Jikinka na san shi, ni na tura shi a keke. Bai kai haka kauri ba."

Ya riƙe bakin rigar. Na ce, "In ba ka cire ba zan fita in shela a tsakar asibiti cewa Babarbare ya sato tabarma ya naɗe a ƙirji."

Sai ya ɗaga rigar. Rawani ne. Ya naɗe shi tun daga hammata har cibiya, ya ɗaure tamau kamar dammin kara. Da na warware, na rantse tsawonsa zai kai daga nan zuwa Roni a dawo da saura. Fatar wurin duk ta yi shatar ɗauri.

Na ce, "Wa ya ɗaure ka?"

Ya ce, "Ni na ɗaure kaina." Ya dubi ƙofa ya rage murya. "Da farko don zafin haƙarƙari ne. Daga baya na ga in na ɗaure, tarin ba ya tasowa."

A nan ya ba ni labari, a tsaye, ba riga. A gidansu, kamar yawancin gidajen ƙauye, maza ciyayya suke yi. In an yi sallar magariba kowane magidanci a fito da tuwon ɗakinsa ƙofar gida, a haɗa, a zauna a sa hannu tare, a sha ruwa a moɗa ɗaya. Tun yana yaro a nan yake ci, kusa da wansa. Da ya koma daga asibiti tari bai sake shi ba, kamar yadda yakan yi bayan nimoniya. Wata rana ana cikin ci ya turnuƙe shi. Wani ya ce, anya wannan ba tarin fuka ba ne? Kashegari aka ɗiga wa kwanonsa da moɗarsa jan fenti, aka riƙa ajiye masa nasa a bakin zaure, yana jin hirarsu daga nesa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Har nama sukan tsame su aika masa.

Ya ce, "Sai na ce a raina, in suka daina jin tarin za su mayar da ni. Na daina. In ya taso in haɗiye. Na daina zuwa gona don tafiya na tayar da shi. Na daina dariya. Ina kwance a zaure kamar kayan aro. Ga shi yau ba wanda zai ce ya ji tarina, amma kwanon bai koma ba."

Na ce, "To nan ɗakina ne, bangonsa da dalma a ciki, ko hasken inji ba ya fita balle tari. Yi abinka."

Ya dube ni, ya ja iska, ya saki. Jama'a, na ji tsawa a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kalandar bango ta faɗo. Ƙadangarun da ke bayan ɗakin har yau jikokinsu ba su dawo ba. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa, na riƙe shi, na miƙa masa abin tofarwa. Da ya lafa na tsayar da shi, ya ja numfashi gwargwadon iyawarsa, na danna.

Hoton da ya fito ban bar shi ya bi layi ba. Saman huhu duka biyu baƙi ne, tsaf. Amma ƙasan na dama ya yi fari ya tsuke, shamakin ciki ya ɗago, haƙarƙarin wajen sun matsu. Na kai wa likitar da ke duba masu ciwon ƙirji a lokacin, wata baiwar Allah mai haƙuri, na gaya mata zancen rawani da na moɗa. Ta sa aka kira su su biyu.

Ta ce, "Baba Alhaji, wannan farin da kake gani, wani ɓangare ne na huhun ƙaninka da iska ta daina shiga. Kaki ne ya fi kama da abin da ya toshe shi, saboda ya hana kansa tari, ya ɗaure ƙirji, ya kwanta. Ban ga alamar fuka a nan ba, amma hoto kaɗai ba ya yanke wannan hukunci. Za a gwada kakinsa."

Aka gwada. Da sakamako ya fito suka dawo, babu fuka. Ta ƙara musu da cewa ko da ita ce, tana da magani, ana warkewa, kuma ta iska take bi, ba ta kwano ba. Sannan ta faɗi maganin Malam Isiyaku: a jefar da ɗauri, ya sha ruwa sosai, ya yi tafiya, ya riƙa jan dogon numfashi, ya yi tari duk sanda ya taso. Ta aika aka sayo balan-balan irin ta yara ta ce ya riƙa hurawa safe da yamma. Ta sa musu ranar dawowa bayan 'yan makonni, ta ce in wurin bai buɗe ba za ta tura shi Kano a duba da babban inji, don wani lokaci abin da ke toshe reshen ba kaki ba ne. Wannan gaskiya ce. A shekarar nan akwai wata dattijuwa daga Babura da nata bai buɗe ba, aka je aka tarar tsiro ne. Shi ya sa ba a wasa da hoto na biyu.

Alhaji Mamman ya saurara da ladabi har ta gama. Sannan ya ce, "Likita, Allah ya saka da alheri. Amma ni fari na gani. Gidan nan akwai jikoki."

Ba mugu ba ne, ku fahimce ni. Mutum ne da aka ɗora wa gida, yana tsoron ya yi sake a ce shi ya jawo. Kuma abin da ya biyo baya ya ƙara masa tsoro. Mutanenmu in an ba su fim a ambulan, ba sa kai shi gida su ajiye. Sai an ɗaga shi a rana. Kowa likita ne: mai shayi, mai faci, ɗan acaɓan da ya kawo su. Aka ɗaga hoton Malam Isiyaku a ƙofar gida, wani ya nuna zuciya ya ce, kai, ku dubi girman cutar, har ta cinye tsakiya. Kwano ya ci gaba da zama a bakin zaure.

Abin da ya rage wa Malam Isiyaku shi ne ya zaɓa. Maganinsa tari ne, tarin kuma shi ya raba shi da 'yan'uwansa. Daga baya ya gaya mini yadda ya yi. Dawa ba a girbe ta ba tukuna, ta yi tsawo. Kullum da hantsi sai ya saɓi fartanya kamar mai zuwa duba amfanin gona, ya taka har gonarsa ta can nesa, ya kutsa tsakiyar dawa, ya yi tarinsa son ransa. Ya zauna ya zaro balan-balan ya hura. Ya ce rana ɗaya wani makiyayi ya leƙo ya ga dattijo da gemu yana hura jar balan-balan shi kaɗai a tsakiyar gona, ya watsar da sanda ya ruga. Na ce ɗan'uwana ne, kuma ya yi daidai, Babarbare in ya fara haka ba a tsayawa tambaya.

Ranar da suka dawo, tun daga ƙofa na san an samu canji, don shi ya fara tsokanata. Ya ce, "Ina ɗan Fulanin nan mai leƙen cikin mutane?" Ya tuɓe riga ba gardama. Na ce ja numfashi, ya ja har na ji tsoro kada ya shanye iskar ɗakin mu rasa ta sha. Na danna.

Likita ta jera hotunan biyu a allon haske, na da da na yanzu. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Inda ya yi fari ya tsuke, yanzu ya buɗe ya yi baƙi, shamakin ciki ya koma mazauninsa. Sai wani siririn layi fari da ya rage a can ƙasa, a kwance.

Alhaji ya matso, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa daidai kan layin.

"Wannan fa?"

Ta ce, "Tabo ne, Baba. Inda ciwon ya zauna ne ya warke. Mai yiwuwa ya dushe, mai yiwuwa ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa. Ku dai adana hoton nan, duk likitan da zai sake duba shi a nuna masa, don kada ya ɗauka sabon abu ne."

"Amma yana nan."

"Yana nan."

Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai, na ga hannunsa ya tafi aljihun da moɗar take. Ni ba a tambaye ni ba, kuma karatun hoto ba nawa ba ne. Amma tsokanar Babarbare tawa ce, gado na yi.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, in yi tambaya? Wannan zanen da wanzami ya yi maka a fuska, har yanzu yana zubar da jini?"

Ya harare ni. "Kai, ɗan Fulani, ka kiyaye ni."

"A'a, tsoro nake ji. Na ga yana nan, bai goge ba. Kada in ci tuwo da kai in wayi gari da tsaga."

Likita ta juya baya tana gyaran takardu, kafaɗunta na rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya kai hannu ya shafa kumatunsa a hankali, ya bi layin tsagar da yatsa, ya sake duban allon. Sannan ya dubi ƙaninsa, wanda ke ɗauke da irin tsagar, wanzami ɗaya ya yi musu. Ya yi wa likita godiya, ya karɓi ambulan, suka fita.

Tagar ɗakina tana kallon bishiyar darbejiyar da ke bakin ƙofar asibiti, inda mai fura ke zama. Ina shirya wanda ke biye sai na hango su. Alhaji ya sa an dama fura a ƙwarya ɗaya. Malam Isiyaku ya zauna can gefe yadda ya saba, ya zaro moɗarsa ya miƙa a zuba masa. Alhaji ya karɓi moɗar ya ajiye a ƙasa. Ya ɗebi fura da ludayi ya miƙa masa.

Ina jin muryarsu sama-sama. "Yaya, tarin fa bai gama tafiya ba."

"To ka yi mana. Wa ya hana ka? Sha ka ba ni, rana na yi."

Ya sha. Tarin kuwa ya zo, ya kau da kai ya rufe baki da hannun riga ya yi shi a fili, a gaban mai fura da 'yan acaɓa da kowa. Alhaji ya jira ya gama, ya karɓi ludayin, ya ɗiba ya kai bakinsa.

Da suka tashi tafiya, Malam Isiyaku ya zagayo ta bayan taga ya ajiye mini moɗar a kan dakali. Ya ce, "Ungo, ɗan Fulani. Ka riƙa tatsar nono a ciki."

Ita ce wannan da kuke zuba makullai. Gobe in an shigo da mutum, kafin yatsanku ya kai kan maɓalli, ku dubi bayansa tukuna, ku ga ko ƙirjin ya buɗe. In bai buɗe ba, ku sauke hannu, ku zagayo, ku tambaye shi abin da ya ɗaure shi.